Shafukan da Yaya Illa Bai Sa wa Bisimilla Ba

Shekara tara ke nan cif da muka kai yayana Illa makwancinsa a Garhanga, gero ya fidda kai, mutane suna ta shirin girbi. Shekara tara, kuma sai bana na iya ɗaukar bik in rubuta wani abu a kansa. Abin faɗa yana nan tun tuni, daɗi ne ba ya da shi, kuma rabinsa a kaina yake. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da ƴaƴan mutane lissafi da kimiyya tsakanin Buza da Madawa, ina buga tebur ina cewa kada wanda ya kuskura ya rubuta mini amsar da bai yi aikinta ba. Ku riƙe wannan maganar, za ku ga inda ta kai ni.

Illa bai wuce aji uku a lakol ba, mahaifinmu ya cire shi saboda gona. Da ya tasa sai ya yi abin da samarin Adar suke yi, ya ɗauki jaka ya bar gida. Sa'o'insa kudu suka nufa, shi ya yi arewa, ya faɗa cikin masu neman ƙarfen uraniyom. Aikinsa ɗaukar wani ɗan akwati mai rataya da suke kira santilo. Yadda ya bayyana mini, a cikin akwatin akwai wani dutse garai-garai kamar ƙanƙara. Idan ƙasar wuri tana da ƙarfen, wani abu da ido ba ya gani yana fitowa daga cikinta ya bugi dutsen, dutsen ya yi ɗan ƙyalli, na'urar ta ƙirga ƙyallin, allura ta motsa. Sauran leburori ɗauka kawai suke yi su ajiye. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Ya ce mini tun ranar da ya gane ana iya ƙirga ƙyallin haske har a san abin da ke ɓoye cikin ƙasa, bai ƙara kallon wani haske kamar da ba.

Da ya dawo gida ya zauna, sai ya tarar da tsohuwar gardamar nan ta kowace bazara. Dattawa suna cewa in taurari suka kama ƙyaftawa da ƙarfi kamar za su faɗo, ruwa ya kusa. A kan wannan maganar mutum zai buɗe rumbu ya ɗebi irin da ya hana ƴaƴansa ci, ya zuba a busasshiyar ƙasa yana jiran sama. Wata shekara a dace. Wata shekara a yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, a koma neman wani irin a hannun dangi. Illa da kansa ya yi hasarar iri sau biyu a jere a gonarmu ta kan fako. Bai ce dattawa sun yi ƙarya ba, bai kuma ce sun yi gaskiya ba. Cewa ya yi abin ƙirgawa ne, kuma ba wanda ya taɓa ƙirgawa.

To haka ya fara. Kowace rana in an sallame magariba, kafin lisha, sai ya hau dutsen da ke bayan gidansa da agogo da kaye, wato littafin rubutun ƴan lakol. Ya huda ƙwallayen aduwa ya zarga a zare, ya yi wani abu kamar tasbaha, don ya ce ba zai haɗa ƙirgar Allah da ƙirgar taurari a zare ɗaya ba. Yana da taurarin da ya zaɓa na kowane lokacin shekara. Zai kafa wa ɗaya ido na minti guda, ya ja ƙwallo duk lokacin da ta sake launi, sannan ya ba ƙarfin rawarta maki daga sifiri zuwa biyar. A gefe ya rubuta inda iska take fitowa, da ko an yi ruwa. Akwai kuma layi na ƙarshe da ya keɓe wa Zara, babbar tauraruwar nan ta yamma, a watannin da take fitowa. Zara ba ta ƙyaftawa in dai ba ta gangara bakin ƙasa ba, haskenta a tsaye yake. Saboda haka da ita yake auna idonsa. In ya dube ta ya ga tana rawa, ya san laifin ba na sama ba ne, gajiya ce ko hayaƙi ya shiga masa ido, sai ya soke aikin ranar gaba ɗaya. Ya sha faɗa mini wannan. Wallahi ya sha faɗa. Ta bayan kunnena maganar take bi, don ni a lokacin ina ganin mai aji uku ba shi da abin da zai koya wa mushe.

Kowane shafi kuma, kafin ya rubuta komai, sai ya sa Bisimilla a samansa da baƙin Larabci. Na taɓa yi masa tsiya na ce, wai Yaya, wa'azi kake rubutawa ne? Ya yi dariya ya ce: “Kai mushe ne amma ba ka san garinku ba. Takarda in ba ta da sunan Allah, ƙarshenta ƙunshin ƙosai. Wannan kau ba mai taɓa ta.” Gaskiyarsa kuwa. Na ga kayen ɗalibaina da na sha wuyar gyarawa an ƙunsa gishiri da su a kasuwa. Nasa, shekara ashirin da biyu yana tarawa a akwatin ƙarfe, ko yaro bai taɓa yage shafi ɗaya ba.

Ba zan ce mutanen gari sun wulaƙanta shi ba, amma ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Illa Mai-taurari suke ce masa, in bazara ta yi su tare shi a bakin masallaci suna tambaya, to mu shuka? Shi kuma abin da yake ba su haushi, ba ya yanke magana. Sai ya ce akwai alamar da yake gani in iskar kudu ta fara shigowa, amma shekarun ba su isa ba tukuna, a bari ya cika talatin. Su ce talatin? Mu ci mi kafin nan? Ya taɓa ɗaukar kaye shida ya hau mota zuwa wani biro, wato ofis, da ba zan ambata ba. Ya wuni a kan benci. Da aka kira shi, tambayar farko wace takardar shaida gare shi. Ya ce ba ko ɗaya. Aka ce ya bar adireshi. Har ya koma ga Allah yana cewa wata ƙila wasiƙar ɓata ta yi a hanya. Nakan ji raina ya ɓaci in na tuna mutumin nan na biro, sai kuma in tuna ni kaina ina da aji cike da yara, ina zana musu taurari a allo da alli, ban taɓa cewa Yaya zo ka yi musu bayani ko sau ɗaya ba. Kunya nake ji a ce wan mushe ne mai tasbahar aduwa.

Yau da zai leƙo, ban san me zai ce ba. Kowa da salula a hannu, saƙon hasashen ruwa yana shigowa har cikin ƙauye, kuma ban raina shi ba, yana taimako. Na tabbata da Illa ne farkon mai neman a karanta masa. Amma na san abin da zai biyo baya: zai buɗe sabon layi a kayensa ya riƙa rubuta ranar da salula ta ce za a yi ruwa da ranar da aka yi, ya ga sau nawa ta faɗa daidai a kan fakon Garhanga. Mu kuwa karɓa muke yi mu tura wa na gaba. In ta dace mu ce Nasara ya iya, in ta kuskure mu ce sai Allah, ba mai rubutawa. An kafa fitila mai aiki da hasken rana a kusa da dutsen nasa, abin alheri ne, mata suna wucewa ba tsoron maciji. Sai dai daga inda yake zama yanzu rabin taurarinsa sun dushe, kuma ban ji wanda ya lura ba.

Idonsa ne ya fara tafiya kafin shi. Wata rana cikin rani, sama ba ko ɗigon girgije, ya sauko daga dutse ya ce wa matarsa Mariyama yana ganin walƙiya a gefen idon dama, ko ya rufe idon tana nan. Ya ce ya dubi Zara ya ga tana tartsatsi, don haka ya soke aikin ranar. Mutumin da ya san ƙyallin dutse da ƙyallin sama ya gane wannan na uku daga cikin idonsa yake, ya ce a kai shi likita. Mu ne muka ja ƙafa. Aka ce zafin rana ne, aka sa tozali, aka ce a bari a ga kwana biyu. Ni da aka kira a waya na ce jarrabawar yara ta matso, in an gama zan zo. Kafin in zo, wani abu kamar baƙin labule ya sauko masa daga sama ya rufe idon. Mai duba idon da muka samu daga baya ya ce fatar da ke can cikin idon ce ta ɓalle, walƙiyar nan gargaɗi ce, da an zo a kwanakin farko da akwai abin yi. Na hagun kuma dama yana ta yi masa hazo. Cikin shekara guda da ƴan watanni Illa ya daina ganin ko wata, balle tauraro.

A bazararsa ta ƙarshe na yi ritaya, na tafi Garhanga na zauna da shi. Roƙo ɗaya ya yi mini: in zama idonsa, kada shekarar ta faɗi babu ƙirga. Na ce to. In an yi magariba in riƙe hannunsa mu hau dutse. Ya karɓi bik, ya laluba saman shafi da yatsa, ya rubuta Bisimillarsa a karkace, ya miƙo mini. Ni in duba in faɗa, ya ce rubuta.

Kwana goma na farko na yi da gaske. Kai, aikin nan da wuya! Wuyanka ya ƙage, ido ya yi ruwa, sauro yana cin ƙafa, kuma ni har ga Allah ban iya raba uku da huɗu ba. Duk rawa ɗaya nake gani. Ga shi lokacin ne ake labarai a rediyo, ina jiyo su daga gidan maƙwabta. A rana ta goma sha ɗaya sai na ɗaga kai kawai don ya ji motsina, na ce uku. Tauraruwa ta gaba, huɗu. Ta gaba, uku. Ban duba ko ɗaya ba. Na ce a raina, makaho ne, mene ne bambancin, in dai ransa ya yi daɗi.

Sai ya ce: “Zara hwa?”

Bai taɓa tambayata ita ba sai ranar. Na ce: “Biyu.”

Can ya ce: “Rubuta.”

Daga ranar kullum sai ya tambayi Zara, ni kuma in ba ta ɗaya ko biyu, wata rana har uku in na ga dama. Na lura ya daina karɓar bik a farkon shafi. Na ɗauka hannun ne ya gaji, har na ji daɗi an rage mini jira. Haka muka yi ta hawa dutse har gero ya fidda kai, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, ya cika.

Akwatin kayen ya zauna a ɗakinsa. Kowa ya san ni ne mai boko a gidan, ni ya kamata in ɗauke shi. Na ce sai na sami wuri a Madawa. Shekara huɗu ina samun wuri. Ran nan ina tsaye a tasha ana hayaniya, Mariyama ta kira ni ta ce gara ta shiga akwati ta gindi inda ya yi tsatsa, ta fara cin takardun, guntaye suna zuba a ƙasa, ga sunan Allah a ko'ina, tana tsoron a taka. Ta tambayi liman, ya ce takarda mai sunan Allah in ta lalace a naɗe ta a tsabtataccen ƙyalle a binne inda ƙafa ba ta bi. Me na gani? Ni kuma mota tana shirin tashi, na ce ku yi abin da ya dace. Ban tambaya kaye nawa gara ta taɓa ba. Ashe uku ne na ƙasa. Amma da yake an ce gara ta riga ta san hanya, sai suka haɗa duka, suka naɗe a farin yadi sabo, suka haƙa rami a gindin wata aduwa a ƙarshen gona, suka sa da girmamawa. Ba wanda ya yi mugunta. Liman ya faɗi abin da yake daidai a kan abin da aka tambaye shi, Mariyama ta yi abin da kowace mai tsoron Allah za ta yi. Dabarar da Illa ya yi don kada a ƙunsa ƙosai da aikinsa, ita ce ta kai aikin cikin rami, kuma kalma biyar daga bakina da sun hana.

Bara sai ga wata mata ta yi sallama a gidana. Rabi sunanta, ƴar Ibohaman ce, tana koyarwa a jami'a, bincikenta a kan yadda iskar sama take karkaɗa hasken taurari kafin ya iso ƙasa. Mahaifinta ne ya ba ta labarin Illa Mai-taurari. Ta ce mini ƙyaftawar nan ba daga tauraro take ba, iska mai zafi da mai sanyi ne suke cakuɗa a sama suna lanƙwasa hasken, shi ya sa in damina ta tunkaro abin yana iya sakewa. Ta ce yanzu akwai na'urorin auna wannan, amma na'ura ba ta komawa baya, kuma yankinmu ba wanda ya auna shi a shekarun da suka wuce. Mutum ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, shekara ashirin da biyu, har da ranakun ruwa a gefe? Ta ce: “Baba, ko rabinsu ne a ba ni in ɗauki hoto, zan iya gwada maganar dattawan nan a ga ko tana da tushe.” Ina zaune ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mun je Garhanga tare. Mariyama ta nuna wurin, muka nemi izinin liman, aka haƙa a hankali. Damina huɗu ta bi ta kai, gara kuma ta ƙarasa abin da ta fara. Baƙar ƙasa muka samu da ƴan wayoyin ɗinkin kaye, sun yi tsatsa. Rabi ta tsince su ɗaya ɗaya ta zuba a tafin hannu.

Da muka koma gida Mariyama ta ce akwai kaye guda da ya rage. Ta shiga ɗaki ta fito da shi. Rubutuna ne. Rabi ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta bi layukan da yatsa. Ba ta yi minti biyu ba yatsan ya tsaya a layin ƙarshe. Ta juya shafi, ta juya wani, ta ɗago ta dube ni. Ta ce: “Baba, wa ya duba wannan? Zara ba ta yin biyu.” Ta ce duk wanda ya san aikin, da ya ga layin nan ya san ba za a dogara da sauran ba, kuma ga alama mai littafin da gangan ya sa a riƙa cika shi kullum.

Na tambayi Mariyama me ya sa ba a binne wannan ba, kuma ina shafukan farko, don na ga an yage. Ta ce: “Mushe, goma sha ɗayan farko na da Bisimilla, su na cire na haɗa da sauran. Daga nan ba shi da ita, sai na aje don tunawa.” Ta ƙara da cewa ita ma ta taɓa tambayarsa don me ya daina sawa, ya ce mata ba kowace takarda ake sa wa sunan Allah ba, daga nan bai ƙara ba.

Wata huɗu ke nan yana riƙe hannuna muna hawa dutse, ya san ƙarya nake zuba masa, bai tozarta ni ba ko a gaban matarsa. Bai kuma bar ƙaryar ta shiga cikin aikinsa a ɓoye ba. Ya janye Bisimillarsa, ya sa ni da hannuna ina buga wa kowane shafi alamar da mai ilimi zai gani ya kauce. Yana makaho ya yi wannan. Ni mai ido biyu da takardun shaida ban gane ba sai da sa'ar ƴar cikina ta nuna mini da yatsa.

To me ya rage na Illa bayan shekara tara? Amsar da ya nema ba ta rage ba. Bana ma na ga mutanen Garhanga sun tsaya a bakin masallaci suna gardamar taurari, wasu sun zuba iri, kuma ba mai iya ce musu ga abin da shekara ashirin da biyu ta nuna. Wannan ya tafi, ba kuma zan yi wa kaina daɗin baki in ce ba komai ba. Da komai. Abin da ya rage shi ne halinsa: bai taɓa cewa ya sani ba alhali bai gama ƙirgawa ba, ko da gari duka yana matsa masa, bai kuma karɓi lambar da ba a duba ba ko daga ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya jiƙan Yaya Illa, ya haskaka masa kabarinsa, ya yafe mana abin da muka yi wa aikinsa.

Rabi ta roƙi in ba ta kayen. Ta ce ba don lambobin ba, tana so ta riƙa nuna wa ɗalibanta layin Zara. Na ce ta ɗauka, amma da sharaɗi, don bangon babu suna, kuma ina tsoron wata rana wani ya buɗe ya ce wannan ne aikin Illa Mai-taurari. Na karɓi bik ɗinta na rubuta a bango da manyan baƙaƙe: “Ni Sa'idu ƙanensa na rubuta wannan, kuma ban duba ba.” A duk kayen nan, wannan layin kaɗai ne nawa na gaskiya.